Lasin Keken Fuseina

Ɗazu ina zaune a bakin shagonku wata mata ta tambayi kuɗin firji, ke Rabi kika danna waya, kika faɗa mata da haraji da komai tun ba ta gama gyara mayafi ba. Da na ce wannan aikin na yi har furfura ta fito mini, sai kuka dubi juna. Na ga dariyar, ba sai kun ɓoye ba. A ganinku ɗora lamba ne a kan lamba. To ku jawo bencin nan tunda ba mai saye yanzu, ku ji yadda ake yinsa lokacin da ba waya, ba kuma mai gaya maka kuɗin haraji sai ka tsaya gaban mai karɓa.

Sana'ar tamu sayen aike ake ce mata. A Tamale ta wancan lokaci, shekarun da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, akwai matan da ba sa zuwa kasuwa, akwai kuma manoman ƙauyen Dungu waɗanda za su kayar da sa da hannu, amma in suka ga akawu da alƙalami a bayan kunne sai bakinsu ya mutu. Irin waɗannan ne ke kiranmu. Za ki je gida a shimfiɗa miki tabarma, a ce ana son kwanon rufi, ko gadon ƙarfe, ko tasoshi. Ke kuma daga nan inda kike zaune, ba ki ga kayan da idonki ba, za ki faɗi abin da za a ba ki: kuɗin kaya, da na gwamnati, da na kansil, da na dako, da la'adarki. Sau ɗaya ake faɗa. In kuɗi ya yi saura ki mayar, in ya kasa ki cika daga bakin zaninki. Wadda ke faɗa da yawa saboda tsoro, ba a daɗewa ake daina kiranta. Wadda ke ragewa don a yabe ta, 'yan kunnenta ne ke kwana a jingina.

Wahalar tana wurin masu haraji, don su biyu ne kuma ba halinsu ɗaya ba. Gwamnati kuɗin abu take kallo. A cikin kanti take jira, akawu yana rubuta rasit yana ɗora nata a kai, kuma abin da ta ɗauka na ƙawa ne ta fi danne shi a kan abin da ta ɗauka na dole. Shi kuwa kansil, wato hukumar gari, ba ruwansa da tsada. Girman kaya yake kallo. Duk abin da zai fita gari sai ya wuce ta shinge, a can ake yankar tikiti: na kayan kai daban, na jaki daban, na amalanke daban. Ƙaramin akwatin turare da za ki saka a hammata, gwamnati za ta sha jininsa, kansil ko kallonsa ba zai yi ba. Damin tabarmi kuwa gwamnati ta ƙyale shi, kansil ya tare. Saboda haka tun kina kan tabarmar mai aike sai kin ɗaure kayan a cikin kanki, kin ga ƙulli nawa za su yi, kin ga wuyan da zai ɗauka.

Wurin ƙanwar babana na koya, Gwaggo Adisa, a unguwar Dabokpa. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ni ma haka. Kayan aikinta faifai ne da 'yar jaka mai ƙwayoyi iri uku: 'ya'yan tsamiya na gwamnati, wake na dako da la'ada, masara ta kansil. Za ta ware su tsibi-tsibi a kan faifan tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lazimi, sannan ta tattare ta faɗi kuɗi. Aikin farko da ta sakar mini ni kaɗai na wani manomi ne, Mba Iddi, da ke son kwanon rufi. Na zauna a tsakar gidansa na jera ƙwayoyina, sai ya tambaye ni ko ba za a iya gaya wa gwamnati cewa shi talaka ne ba. Na ɗaga kai ina masa bayani, ashe kazarsa ta zagayo ta bayana. Da na dawo kan faifai na tattare abin da na gani, na faɗi kuɗi, Mba Iddi ya yi ta sa mini albarka saboda sauƙi. Sai a shinge na gane kazar ta cinye rabin kansil. Gwaggo ta cika kuɗin, muka kama hanyar gida. Da muka shiga ta zazzage masarar ta ba kajinmu, ta aike ni bakin rijiya na tsinto farar tsakuwa. Ta ce, “Daga yau kansil dutse ne. Ya ma fi kama da shi.”

Shingen da ke hanyar Dungu wani dogon gora ne da aka gitta a ƙarƙashin dogonyaro, mai tsaronsa kuwa Mahama ne, wanda kowa ke kira Mahama Tikiti. Badagombe ne siriri, da kaki da jakar tikiti a wuya, da wani ɗan littafin dokoki da ya yi laushi saboda buɗewa. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk “kai” ne a wurinsa. Ba ya cin hanci, abin da ya sa muke jin haushinsa ke nan, don mai cin hanci ana iya saka shi a lissafi. An ce ya taɓa yanka wa mahaifiyarsa tikitin itace, ya biya daga aljihunsa, ya kuma sa ta riƙe takardar har gida ko da za a tambaya. In ya tsayar da ke sai ya gaishe ki sosai, ya tambayi mutanen gida da gajiya, sannan ya lashi yatsa ya yago tikiti.

Na daɗe ina aikin lafiya, har na yi suna daga Dabokpa zuwa Nyanshegu. Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da gwamnati ta ƙaro sabon haraji a kan saye, ta kuma canja kuɗi. Mun tashi da fam da sule da sisi, aka wayi gari aka ce sidi da pesuwa. Aka ce sidi ɗaya sule takwas ne da kwabo huɗu. Ku gaya mini wane ɗan tsamiya ne zai tsaya a madadin wannan. Kaya suka yi wuya, sabulu ma sai an yi layi, farashin safe daban na yamma daban. Gwaggo ta duba faifanta ta ce ita ba za ta yi gardama da gwamnati da tsufanta ba, ta koma sayar da koko a ƙofar gida, ta riƙa rufe tukunya da faifan. Ni na ci gaba, amma a shekarar nan na cika kuɗin mutane har tasoshin aurena suka ragu, 'yan kunnena kuwa sun fi sanin gidan jingina fiye da kunnena.

A cikin wannan hali Mma Sanatu ta zo. Mma kuwa inna ke nan a bakin Dagomba, kowace mace ana iya girmama ta da shi. Mai man kaɗanya ce daga Dungu, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya Fuseina ta gama koyon ɗinki wurin wani tela a Dabokpa. Tun da kaka, kafin a canja komai, ta kira ni ta ce tana son keken ɗinki mai ƙafa, na jera ƙwayoyi na faɗa mata kuɗi. Ta yi rani tana tara shi, da mai da tunkiya ɗaya da ta sayar. Ranar da ta zo ta kwance tsumma a gabana, tsofaffin kuɗi ne duk suna ƙanshin man kaɗanya, kuma daidai abin da na faɗa, ba ƙarin ko kwabo.

Na ce, “Mma, kin san an taɓa haraji tun wancan lokacin.”

Ta ce, “Na ji ana faɗa. Amma ni ba da gwamnati na yi magana ba, da ke na yi.”

Gaskiyarta. Ta kuma gaya mini ƙawayen Fuseina suna zuga ta su bi lori zuwa kudu ɗaukar kaya a kasuwa, kuma yarinyar ta ce in keke bai samu ba kafin damina za ta bi su. Fuseina tana zaune gefe tana jin mu. Yarinya ce marar magana, ga allura da zare kullum soke a ɗankwalinta.

Muka tafi kantin wani Balarabe Kwara mu uku. Akawun wurin ɗan kudu ne, mun saba saboda ina kawo masa ciniki. Ya rubuta kuɗin keke, ya ɗora na gwamnati, ya juyo mini takardar kamar zan iya karantawa, sannan ya faɗa da baki. Na zauna a ƙasa na jera ƙwayoyi. 'Ya'yan tsamiya suka ƙare a jaka lissafin bai ƙare ba. Ko da na bar la'adata na kuma sayar da sauran tasoshina, ba zai cika ba. Mma Sanatu ta nemi buhu ta zauna, ta ce ita ba inda za ta, a nan za ta yi azahar da la'asar.

Akawun ya ga da gaske take. Ya buɗe takardun gwamnati ya yi ta bi da yatsa, can ya rage murya ya ce cikakken keke yana layin kayan ƙawa, amma kan keke shi kaɗai yana layin kayan gyara, tebur yana layin katako, ƙafafun kuwa ƙarfe ne kawai, kuma duk waɗannan harajinsu da sauƙi. In muna so zai sayar mana a rarrabe, rasit uku, ba wanda ya karya doka. Na sake jerawa. Ya cika, har da sauran kuɗin dako da na tikiti ɗaya da la'adata 'yar kaɗan. Tikiti ɗaya fa. Nan na san abin da na ƙwace daga hannun gwamnati yana jirana a shinge, don abu uku a wurin kansil kaya uku ne.

Na aika aka kira Seidu Dogo, ɗan dakon da na fi yarda da wuyansa. Muka kifa tebur, muka ɗora ƙafafu, muka cusa kan keken a tsakiya, muka naɗe da buhu muka ɗaure da igiya har ya zama ƙulli ɗaya. Mutum biyu suka ɗora masa. Ya ce, “Wannan ba kaya ba ne, ɗaki ne.” Amma ya tafi, mu kuma muna biye da shi kamar masu rakiyar gawa.

Mahama ya hango mu daga nesa ya sauke gora. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Mma Sanatu mutanen Dungu, tana amsawa “Naa, naa,” Seidu kuwa yana tsaye da kaya a ka. Na miƙa kuɗin tikiti ɗaya. Ya ce in kawo rasit. Na ba shi a ninke, ya warware ya ƙirga.

Ya ce, “Mma, kai ka ba ni takarda uku. Takarda uku, kaya uku.”

Na ce, “Dubi kan Seidu. Guda nawa ka gani?”

“Kai ɗaya na gani. Amma kanti ya ce uku.”

“Kanti na gwamnati ne. Kai na kansil ne. Yaushe kansil ya fara bin maganar kanti?”

Ya buɗe littafinsa ya duba, ya rufe. Ya ce littafin bai hana shi bin maganar kanti ba. Seidu ya ce ko a yanka ko a sauke shi, wuyansa ba na kansil ba ne. Aka sauke. Mutane suka fara taruwa, masu itace da masu doya da matan da ke dawowa daga kasuwa, kowa ya ajiye kayansa ya samu wurin kallo.

Mma Sanatu ta ga ina neman kasawa, sai ta shiga da roƙo. Ta ce, “Ɗana, ka dubi Allah. Ba kayan ciniki ba ne, keke ne na saya wa marainiyar nan.”

Mahama ya tsaya cik. Ya ce, “Keke?”

Ta ce, “Keke.”

Ya sake buɗe littafi, wannan karon bai daɗe yana nema ba. Ya ce, “Keke sai da lasin. Ina lasin?”

A lokacin duk mai keken hawa sai ya yanki lasin na kansil, wani ɗan gwangwani mai lamba da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sirdi. Na ce masa wannan na ɗinki ne. Ya ce littafi bai ce na hawa ko na ɗinki ba, keke kawai ya ce. Ya tambaya ko yana da ƙafar takawa, aka ce yana da ita. Ko yana da wili, aka ce yana da shi, har biyu, babba da ƙarami. Ya ce to shi ke nan. Wani mai doya ya ce a tambaya ko yana da ƙararrawa, aka yi dariya, Mahama bai yi ba. Yanzu tikiti uku yake so da lasin a kai. Na dubi Mma Sanatu, ta kau da kai tana kallon dogonyaro kamar yau ta fara ganinsa.

Duk wannan abin Fuseina tana gefe tana kallo. Sai a nan ta matso ta ɗan rusuna ta ce, “Yaya, in mutum ya zo wucewa a kan kekensa, ana yanka masa tikitin kaya?”

Mahama ya ce, “A'a. In yana kai, keke ne. In keke ne a kansa, kaya ne.”

Ta ce, “To a haɗa mini shi in hau.”

Nan take kowa ya fara magana a lokaci ɗaya. Ni kuwa na tsuguna na zazzage tsakuwa a ƙasa. Lasin ya fi tikiti ɗaya tsada, amma bai kai uku ba. In na haƙura da la'adata, Seidu kuma ya yarda a cika masa da man kaɗanya, kuɗin Mma Sanatu zai kai ba tare da ta ƙara komai ba. Na tambayi Seidu. Ya ce ya yarda, dama wuyan nasa man yake buƙata.

Akwai mai gyaran keke a gefen shingen, shi ya kawo sifana da sukudireba. Bai taɓa haɗa keken ɗinki ba, Fuseina ce ke nuna masa inda kowace ƙusa za ta shiga, 'yan kallo kuma kowa na ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Aka ɗaura bel, ta taka, wili ya juya. Sai aka zo kan yadda zai tafi, tunda duk takawar duniya ba za ta matsar da shi daga inda yake ba. Wani mai itace da ya sauke kayansa a gari yana komawa da amalanke ba komai, ya ce a ɗora. Aka ɗora keken, aka ɗora kujerar Mahama, da izininsa, Fuseina ta hau ta zauna.

Mahama ya ɗaga hannu. Ya ce, “Amalanke da kaya, tikitin amalanke.”

Fuseina ta ce, “Ni ce kayan?”

Ya dube ta, ya buɗe littafi, ya daɗe a ciki fiye da kullum. Ya ce mutum ba kaya ba ne. Amma, ya ce, sai ya ga tana takawa da gaske lokacin wucewa, kuma sai keken yana aikinsa, in ba haka ba zama kawai take yi kusa da kaya. Ta ce a ba ta abin ɗinkawa. Aka duba, ba mai ƙyalle. Sai ta nuna jakar tikitinsa, wadda maɗaurinta ya tsinke tun bara ya ƙulle da waya. Ya kwashe tikitocin ya zuba a aljihu, ya miƙa mata jakar da hannu biyu.

Haka aka wuce shingen. Mahama ya ɗaga gora, Seidu da mai itace suna turawa, Fuseina a sama tana taka keke, yana ƙara kaca-kaca, tana bin maɗaurin jaka ba ta ko ɗaga kai ba. Mma Sanatu na gaba tana kore awaki daga hanya. Matan kasuwa suka yi guɗa, wani direban lori da aka tare ya yi ta danna ham. Da suka wuce ta ciji zaren ta miƙo jakar. Mahama ya ja maɗaurin da ƙarfi, ya sake ja, bai motsa ba. Ya rataya, ya ɗauko gwangwanin lasin ya ɗaure shi da kansa a ƙafar keken, ya rubuta a littafi, ya karɓi kuɗi.

Ina tattara tsakuwata ya ce mini, “Mma, kai ka sani ko? Lasin shekara-shekara ake sabunta shi.”

Mma Sanatu ta juyo ta dube ni. Na ce mata na faɗi kuɗin saye ne, ban faɗi na riƙo ba. Ta ce za mu yi maganar. Har ta rasu muna yin ta.

Da shekara ta zagayo Mahama ya hau kekensa na hawa ya tafi Dungu karɓar kuɗin lasin. Fuseina ta riga ta yi suna, gwangwanin nan ma ya taimaka, don mata har daga wasu ƙauyuka suna zuwa ganin keken da ke da lamba, in sun zo kuma sai su bar ɗinki. Ta biya shi. Ya ce aljihun kakinsa ya yage, ta ɗinke. Bayan ɗan lokaci ya koma duba ko lambar na nan. Tana nan. Ya sake komawa duba ko ta yi tsatsa. Mutanen Dungu suka ce ba su taɓa ganin kansil ya damu da gwangwani haka ba. Kafin lasin na uku, ƙanen babansa ne ya je da goron neman aurenta.

Mma Sanatu ta aiko aka kira ni sayen kayan ɗaki. Lokacin abubuwa sun ɗan lafa, na fanshi 'yan kunnena, na kuma koya wa 'ya'yan tsamiya sidi. Na zauna na jera: tasoshi, da akwati, da katifa, da fitila. Ta zuba ido a kan faifai, ta nuna farar tsakuwa ta ce, “Wannan na mene ne?”

Na ce, “Na shinge. Ƙulli huɗu ne.”

Ta ce, “Surukina ne a shingen. Kwashe.”

Na ce, “Shi ya sa na saka.”

Muka yi ta ja, a ƙarshe ta ba da, tana cewa in ya yi saura har kwabon ƙarshe take so.

Ranar da muka ɗauko kayan, akwati da katifa da fitila suna kan Seidu da wasu 'yan dako biyu, na huɗun kuwa, ƙullin tasoshi, wani tsoho ne ya ɗauka yana nishi. Mahama ya hango mu ya sauke gora. Ya cire takalmi ya tsuguna har ƙasa a gaban Mma Sanatu kamar yadda Dagomba ke gaida suruka, ya sunkuyar da kai, ya tambayi kwana da gajiya da sanyi da mutanen gida da dabbobi, tana amsawa tana hararata ta gefen ido. Da gaisuwa ta ƙare ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya saka takalmi, ya lashi yatsa ya yago tikiti huɗu.

Mma Sanatu ta ce, “Mahama, ka san inda kayan nan za su kwana nan da 'yan kwanaki?”

Ya ce, “Na sani, Mma. Ɗakina.”

“To?”

“Yau fita suke yi.”

Na biya daga kuɗin da na ware. Ya ba ta tikitocin ya ce ta riƙe ko da za a tambaya. Sannan ya kira abokin aikinsa ya danƙa masa gora, ya sallami tsohon nan, ya naɗe hularsa ya yi gammo da ita, ya ce a ɗora masa tasoshin. Ya shige gaba da kakinsa da jakarsa, tasoshi na ƙara a kansa, ya kama hanyar Dungu.

Mma Sanatu ta tsaya tana kallonsa har ya yi nisa. Ban san abin da ke ranta ba, na zaci albarka za ta sa masa. Sai ta miƙo mini hannu.

Ta ce, “Kin saka dakon mutum huɗu har Dungu. Na huɗun kyauta ne daga nan. Kawo sauran.”

Na kwance bakin zani na ƙirga mata a tafin hannu, ta sake ƙirgawa, sannan muka bi bayansu.